Hannun Shahhat

Da safe, a bayan asibiti, mutum uku suka tare Dakta Mamduh Zahran yana ƙoƙarin shiga mota. Ɗaya ya shaƙe shi ta baya, ɗaya ya danna masa hannu a bakin ƙofar motar, na ukun ya maido ƙofar da iya ƙarfinsa. Yatsu biyu suka karye.

"Hajji Dardir yana gaishe ka, likita," in ji mai rawani a cikinsu. "Ya ce yaya 'yarka Salma? Har yanzu ita kaɗai take tafiya makaranta?"

Mamduh ya ɗaure wa kansa hannun, ya kama hanyar kotu. Wata bakwai ke nan da ya buɗe gawar wani manomi, Garib, wanda aka sare a gonar rake kan rigimar ban ruwa. Sara ɗaya ne, amma ya raba ƙoƙon kan har ya taɓo muƙamuƙi. Aikin dogon mutum ne, mai hannu biyu lafiyayyu. A ƙauyen kuwa ko jakuna sun san Hilal ɗan Hajji Dardir ne ya ɗaga gatarin. Amma wanda aka miƙa wa hukuma shi ne Shahhat, mai gadin gonarsu, gajere, wanda hannunsa na dama ya shanye tun yana goye.

A kotu, ga Shahhat can cikin kejin ƙarfe da fararen kaya, igiya tana jiran wuyansa. Mamduh ya rantse zai faɗi gaskiya, hannunsa yana zogi cikin aljihu. Shugaban alƙalan uku, wanda shari'a talatin ke jiransa kafin azahar, ko ɗago kai bai yi ba.

"Rahoton nan naka ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Ka rubuta cewa raunin mai yiwuwa ne ya auku kamar yadda masu gabatar da ƙara suka bayyana."

"Haka ne."

Jimlar da duk likitocin gawa suke fakewa a bayanta ke nan. Shekara ashirin yana rubuta ta, ba ta taɓa yi masa ɗaci a baki ba sai yau.

Lauyar Shahhat, Ustaza Busaina, ta miƙe ta juyo gare shi. "Likita, tsakaninka da Allah, mai hannu ɗaya..."

"Ni za ki kalla, Ustaza," alƙali ya katse ta. "Yau kika fara shiga kotu? Ba ni tambayar, in ta dace in miƙa masa."

Ta haɗiye fushinta. "Ranka ya daɗe, a tambaye shi ko mutum mai shanyayyen hannu, wanda bai kai kafaɗar mamacin ba, zai iya wannan saran."

In tambayar ta iso wurin Mamduh a haka, ba shi da maɓuya, kuma har ga Allah wani sashe na zuciyarsa so yake ta iso. Amma alƙali ya tauna ta, ya rage mata tsawo, ya zare mata haƙora.

"A ilimin likita, shin ba ya yiwuwa sam a fasa kai da gatari da hannu ɗaya?"

A benci na biyu mai rawanin nan yana jan carbi, yana murmushi.

"Ba za a ce ba ya yiwuwa sam ba."

"Rubuta," alƙali ya ce wa magatakarda. "An tambaye shi, ya amsa: yana yiwuwa."

"Ba abin da na tambaya ke nan ba," in ji Busaina.

"Abin da kotu ta tambaya ke nan. Zauna." Sannan ya jefo tambayar da ake rufewa da ita, wadda ba wanda ya taɓa sauraron amsarta. "Kana da abin da za ka ƙara, likita?"

Ƙofa ce a buɗe, kuma Mamduh ya san haka. Kalma goma ta isa. Tsoro ne ya riƙe shi, tsoro tsagwaronsa, ya kuma ji kunyar kansa kamar ya nutse.

"Babu, ranka ya daɗe."

Sai Shahhat ya ɗauko matacciyar damarsa da hagu, ya cusa ta tsakanin sandunan kejin. Siririya ce kamar karan rake da aka tsotse.

"Taɓa shi mana, likita. Don girman Allah zo ka taɓa. Ko lomar burodi ba ya kai min baki. Kai da ka taɓa gawa, ni ne ba za ka taɓa ba?"

"Mayar da hannunka ciki, ɗan kare," in ji wani mai gadin kotu.

Shahhat ya kasa, gwiwar hannun ta maƙale. Mai gadin ya sauke masa kulki, ya ƙara, ya sake ƙarawa. Uwar Shahhat ta kurma ihu tana marin fuskarta, benci ya kife, takalma suka fara tashi sama, alƙali yana ta dukan tebur. A duka na huɗu wani abu ya yi ƙas.

Mamduh yana bakin ƙofa, bai waiwaya ba. Daga ƙarar kaɗai ya gane wane ƙashi ne, da kuma inda ya karye. Ba wanda ya tambaye shi.