Muryar Inna a Shagon Kafinta

Tun da aka yi rasuwar, Kafinta ya koyi rufe shagonsa da rana tsaka. Maƙwabcinsa mai walda yana ganin ya ja ƙofa sai ya ɗage gilashin fuskarsa ya ce, "To, za a shiga ganawar sirri da ƙusoshi." Kafinta ya yi murmushin yaƙe, ya saka sakata. A ciki, kan teburin aiki, tsakanin zarto da gwangwanin gam, yakan jera waya biyu, tasa da ta marigayiya matarsa, wadda kowa a gidan ke kira Inna.

'Yarsu ta fari, wadda yake kira Uwata don sunan mahaifiyarsa gare ta, tana wata ƙasa mai sanyi tana karatun haɗa magunguna da tallafin gwamnati. Ranar da aka tara iyaye a ofishin tallafin, wani jami'i ya gaya musu ba ɓoye-ɓoye cewa duk wanda ya faɗi jarrabawa, ko ya baro makaranta kafin ƙarshen zango, sunansa ya fita, akwai masu jira a layi. Inna ta riƙe maganar nan gam. A gadon asibiti, numfashi na yi mata wuya, ta kama hannun rigarsa ta ce, "Kada ka gaya mata sai ta ajiye alƙalami. Yi mini alkawari." Ya yi mata.

Da farko ƙarya ta yi sauƙi. Inna ta shiga maƙwabta, Inna na barci, kyamarar wayarta ta lalace. Da yarinyar ta fara tsananta tambaya, sai dabara ta zo masa. Inna ba ta iya rubutu ba, da murya take aika saƙo, kuma wayarta cike take da saƙonnin da ta riƙa tura wa ƙanwarta shekara da shekaru. Ya kwashe su zuwa wayarsa. Yakan zaɓi wanda ya dace, ya kunna, ya kara wayar Inna ya naɗa, ya saki yatsa kafin ta kai ga zancen da zai tona shi.

"Ke yarinya, kina cin abinci kuwa? Allah ya yi miki albarka."

Wahalar ita ce zaɓen. Kafin ya samu jimla guda mai amfani sai ya saurari Inna tana dariya, tana tsegumin farashin kasuwa, tana cewa maigidan nan nata ya gyara kujerun gari duka amma tata har yau da bulo aka tokare ta. Wani lokaci a bayan muryarta yakan ji tarinsa, ko ƙarar cokali a tukunya. Ya kashe wayar, amma shagon ba ya komawa shiru yadda ya saba. In ya ɗauki guduma sai ya ji kamar za a ce masa ya rage hayaniya.

Yayarsa, wadda ta dawo gidan don kula da ƙananan yara, ita kaɗai ta san abin da yake yi a bayan sakatar. Ta kawo masa abincin rana ta same shi da wayoyin.

"Ƙanena, ka bar baiwar Allah ta kwanta," ta ce. "Mun binne ta, kai kuma kullum kana tashe ta aiki."

"Alkawari na ɗauka, Yaya."

"Alkawarin shiru ka ɗauka. Wannan surutu ne."

"Saura kaɗan ta gama."

"Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ci abincinka kafin ƙurar katako ta riga ka."

Abin da bai yi tsammani ba shi ne amsoshin. Yarinyar da in ta kira shi sai "Lafiya lau, Baba, karatu na tafiya," ita ce a wayar Inna take zuba kamar an fasa tulu. Ɗakinta ƙarami ne, taga ɗaya, rana ba ta leƙowa. Ba ta barci. Takan zauna a gaban littafi har haruffan su riƙa yawo. Kowane saƙo da abu ɗaya take rufe shi: "Kada ki gaya wa Baba, kin san shi da damuwa." Yana saurara kansa a sunkuye, kamar wanda ya laɓe a bayan labulen ɗakin mata.

Ana saura 'yan kwanaki jarrabawa ta aiko da saƙo gajere. Muryarta ta dushe.

"Inna, na gaji. Kullum sai na yi mafarkinki, kina tsaye a bakin ƙofa ba kya magana. Zuciyata ba ta ba ni daidai. Wata 'yar ajinmu ta ce za ta taimaka mini da tikiti. In taho ko in zauna? Abin da kika ce shi zan yi."

Kafinta ya zauna a kan wata kujera da bai gama haɗawa ba. Ya san saƙonnin nan yanzu kamar yadda ya san ƙusoshinsa, kuma ya san akwai biyu da suka dace. A ɗaya Inna na cewa, "Taho mana, me kike jira? Gida ai naki ne." A ɗayan, wata rana da aka yi hadari, tana cewa, "Zauna inda kike, kada ki fito. Ki yi haƙuri, zai wuce." Ya kunna na farko, ya kunna na biyu, ya sake kunna na farko. Duka biyun da gaske take faɗa. Ya tuna jami'in nan da layin masu jira, ya tuna hannun da ya kama masa riga. Ya kara wayar, ya naɗi na biyu, ya tura.

Amsa ba ta daɗe ba.

"To, Inna. Tunda ke kika ce, na zauna."

Abin da yake so ke nan, amma abin bai kwanta masa a rai ba. Yarinyar ta yi biyayya ga matar da ke ƙarƙashin ƙasa, kuma shi ya sa mata maganar a baki. Wata rana za ta san ranar rasuwar, ta koma ta saurari saƙon nan.

Wani saƙon ya shigo.

"Amma Inna, zan kira yanzu, ki ɗauka ko fuskarki ba za ta fito ba. Ki kira sunana kawai, in ji kin amsa mini. Daga nan ba zan ƙara damunki ba har in gama."

Wayar Inna ta fara ruri a tafin hannunsa, hoton yarinyar da rigar sanyi ya cika fuskar wayar. A waje injin mai walda ya yi shiru. Kafinta ya dubi tasa wayar, inda Inna ke da sauran magana mai yawa, amma ba ko ɗaya da za ta iya amsa sallama. Ya kifa ta a kan tebur. Ya goge hannunsa a jikin riga, ya danna kore, ya kai kunne.

"Inna?"

"Uwata, Babanki ne," ya ce. "Akwai wani kusa da ke? Kira shi ya zo ya zauna tukuna."