Kwastan Ba Ta Karɓar Ƴan Tsaki

Maigidana bai yarda da banki ba. Kiwon kaji yake yi, kuma da kaji yake biyan kowa: mai gyaran famfo zakara, makaniki kiret ɗin ƙwai. Ranar da na buɗe asusu saboda ɗinkina har da riƙe ciki ya yi don dariya, wai na kai kuɗina gidan marayu. Abin ya ci mini rai, amma na haɗiye.

Sai ga shi ya yi odar ƴan tsaki daga ƙasar waje. Da jirgi ya sauke su muka tafi ofishin kwastan. Ta taga muna hango kwalayen jibge a bakin sito, rana na dukansu, kukan ƴan tsakin yana ta raguwa. In ba su sha ruwa da wuri ba, jarinsa ya tafi.

Jami'ar ta ce harajin kashi ɗaya ne cikin goma.

"Madalla, ƴata," in ji maigida. "Kwali goma ne. Zaɓi wanda ya yi miki."

"Baba, ba ma karɓar kaya."

"Ai ba kaya ba ne, kaji ne."

"Kati, ko a turo ta banki, ko cakin da banki ya tabbatar. Ko tsabar kuɗi ba na taɓawa a teburin nan."

"Wato gwamnati ba ta cin nama?"

"Tana ci, Baba. Akurki ne ba ta da shi."

Ya cire hula ya mayar, ya sake leƙa taga. Katina yana cikin jaka tun safe, amma na tsaya ina nazarin fankar silin. Ni ma hankalina na kan ƴan tsakin, sai dai ina jiran magana ɗaya.

"Maman yara," ya ce can ƙasa-ƙasa, "wannan abin naki yana tare da ke?"

"Wanne? Na gidan marayu?"

Ya sunkuyar da kai. Na miƙa katin, na'ura ta tofo rasit, aka turo mana kwalayen.

A bayan mota yana shayar da ƴan tsakin da murfin gora, ya ce zai biya ni.

"Kwantar da hankalinka," na ce. "Ni ba gwamnati ba ce, ina karɓar kaji."

Na bi kwalayen ina kara kunne, na ɗauki wanda ya fi ƙara na ɗora a cinyata.