Ruwa a Cikin Boris

Tijjani bakanike ya zaro boris, ƙarfen nan da taya ke juyawa a kansa, daga ƙafar tirelar, ya duba, sai ya ji gajiyar makon gaba ɗaya ta sauko masa a wuya. Giris ɗin da ya cusa da hannunsa wata biyu da suka wuce ya koma fari-fari kamar kunu, tsatsa ta ci ƙarfen. Ruwa ne ya shiga, ba wani abu ba.

Tirelar ta Madam Dalia ce, irin ɗakin nan mai taya da masu hali ke ja da mota zuwa bakin teku. Jiya a hanyar Sukhna, wani gari na bakin teku, tayar ta ɗau zafi har da hayaƙi, ga 'ya'yanta a mota. Da ƙyar aka jawo ta gida, unguwar Ma'adi. Madam ta rantse sai ta san mai laifi, kuma ko wane ne, khalas, shi ke nan, ya bar mata gida.

Tijjani kuwa ya san mai laifin sarai. Baba Haruna ne mai gadin gidan, tsohon da ya gudo daga Sudan da matarsa marar lafiya, suka samu ɗan ɗakin ƙarƙashin bene suka raɓe. Tsohon nan bai iya zama ba! Kullum sai ya ja tiyo mai ƙarfi ya feshe tayoyin har cikin cibiyarsu, don kada a ce zaman banza yake. Sau biyu Tijjani ya hana shi, tsohon ya ce to, ya ci gaba da abinsa. Haushinsa yake ji, wallahi, amma idan aka kore shi ina zai kai matar?

Madam ta fito ta tsaya a kansa, ta tambayi dalili.

"Ni ne, Madam. Na ɗaure notin tayar ya wuce kima."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ya kwashe kayansa, kuma maƙwabta za su ji, alhali rabin masu ba shi aiki a layin nan suke. Ya tattara sifanoninsa, ko wanke hannu bai yi ba.

A bakin ƙofa Baba Haruna ya riƙo hannunsa cikin tausayi, ya rage murya.

"Ma'alish, sai haƙuri, ɗana. Amma aikin mutane a riƙa yin sa da tsoron Allah. Yau ka ba mu kunya."

Tijjani ya gyara riƙon kayansa.

"To, Baba. Na ji."