Kananzir a Galan ɗin Datti

Katafila ta shigo unguwar da hantsi, ta fara daga bakin titin Zuba tana cin gidaje ɗaya bayan ɗaya. An daɗe da shafa musu jan fenti a bango, amma wa ya yarda za a zo? Abuja tana ta kumbura, kowa na cewa ƙasa ta samu ci gaba, ashe wurin kwanan talaka ake so.

Datti bai damu da ɗakinsa ba, na haya ne. Motarsa ce abin ji, tsohuwar Fijo da yake jigilar ayaba da lemo da ita daga kasuwar Zuba zuwa Garki. Da ita ake ci, da ita ake sha. Tana can ƙuryar lungu, an danƙara mata katifa da tukwane da keken ɗinkin matarsa Mashkura, hanyar fita kuwa guda ce tak.

Ya murɗa makulli. Ta yi tari, ta yi shiru.

"Haba ke kuwa! Yau? Yau ɗin nan?"

Tankin motar ya daɗe da rubewa, don haka galan yake ɗaurewa a gefen injin, tiyo ya tashi daga ciki zuwa kabureta. Ya buɗe bonet ya girgiza galan ɗin, ga mai nan har ya fi yadda ya zata. Ya cire murfin iska, ya toshe bakin kabureta da tafin hannu, ya ce wa Mashkura ta murɗa. Banza. Ya kwance filogi, duk sun jiƙe sharkaf. Ya goge da gefen rigarsa ya mayar. Banza dai. Kowace murɗawa kuma batir sai ƙara sanyi yake, ga ƙarar langa-langa na yayyagewa tana matsowa.

Sai ya zare tiyon ya zuƙa da baki, yadda ya saba. Ya tofar, ya tsaya cak. Wannan maiƙon ba na fetur ba ne.

"Mashkura, wa ya taɓa min galan?"

Ta sunkuyar da kai. "Malam, kananzir ɗin risho ne. Da asuba ina haɗa kaya na rasa mazubi, na ga zai zube a kan katifa. Na ce ai duk mai ne, kada a yi asara."

Innalillahi. Ya ɗaga hannu sama, ya rasa inda zai sauke shi. Wallahi ya so ya yi ihu. Amma matar da ta shekara tana tattalin cokalin manja saboda shi, yau zai zage ta don ta yi tattali? Ya juya kawai ya kwarar da galan ɗin a ƙasa.

Ya ruga gidan maƙwabcinsa Thaddeus, ɗan acaɓa, ya same shi yana ɗaure buhu a bayan babur.

"Taimake ni da fetur, ko kofi ɗaya!"

"Oga Datti, bar mota! Katafila ya zo kusa, ka kwashe kaya kawai."

"Don Allah, Thaddeus."

Thaddeus ya yi tsaki, ya tsiyaya masa a gwangwanin madara, ya hau babur ya yi gaba.

Datti ya kwance ɗan kwanon da mai ke taruwa a ƙasan kabureta. Ƙusa ta faɗi cikin ƙasa, ya durƙusa yana lalube kamar mai tsintar gero. Ya zubar da kananzir, ya busa 'yar ƙofar man da baki har idonsa ya yi ja, ya ɗaure, ya ɗiga fetur. Sauran ya juye a galan.

"Bismillahi. Murɗa!"

Ta yi tari, ta yi atishawar farin hayaƙi, sai gurum! Ta tashi. Kai, tun da ya saye ta bai taɓa jin ta yi lafiyayyen kuka irin wannan ba. Mashkura ta matsa gefe tana hamdala, ya faɗa ciki, ya juya ta, ya nufi bakin lungu.

Babu bakin lungu. Gidan Thaddeus ne kwance a wurin, bulo a kan bulo, tsibi ya fi tsayin mutum. Katafila ta riga ta juyo kan katangar da ke gefensu, wani ɗan sanda na ɗaga musu sanda yana cewa su fito su haura da ƙafa.

Datti ya fito yana roƙo, a ture masa ɓaraguzan kaɗan, ko faɗin mota. Direban katafilar ko kallonsa bai yi ba, ƙila ma bai ji ba.

Mashkura ta ciro kan keken ɗinki ta ɗora a ka tana kuka. "Malam, ka yafe min. Kashe ta mu tafi."

Ya leƙa ta taga, ya kai hannu kan makullin, ya kasa. Da ƙyar ta tashi, ba shi zai kashe ta ba.

Suka haura tsibin da rarrafe. Daga ɗaya ɓangaren yana ta jin ƙarar injinta, sumul, babu ko gargada, har katangar ta faɗi.