Yana Barci Cikin

Ni dai aikina sassaƙa rubutu a kan dutsen kabari, kuma dokata ɗaya ce: da alli nake fara rubutawa, sai mai aiki ya ce ya yi, sannan in ɗauki guduma. Abin da ƙarfe ya ci ba ya goguwa.

Wata mata ta zo da safe, ma'aikaciyar jinya ce, ɗanta tilo ya rasu wata biyu da suka wuce. Ta ce in sa YANA BARCI CIKIN UBANGIJI. Na zana, ta duba, ta gyaɗa kai, ta samu benci ta zauna tana kallon hannuna. Na gama sassaƙa kalma uku ke nan sai ga 'yan'uwanta maza biyu sun faɗo rumfar. Yayanta dattijon ikilisiya ne, ƙanen kuma malamin makarantar Lahadi, mai baki kamar reza.

"Dakata, mai dutse!" in ji ƙanen. Ya juya wajenta. "Yaya, ƙarya za ki kafa a maƙabarta? Yaron nan shekara shida bai taka coci ba. A gabana ya ce shi ya daina gaskatawa. Allah ya miƙa masa hannu, shi ya ture."

"Kai ka cika gaggawa," in ji dattijon. "Wane ne mutum da zai ture hannun Allah? In yana cikin zaɓaɓɓu, ko ya gudu ƙarshen duniya an riƙe shi."

Matar ta ɗago kai, fuskarta ta ɗan saki. "To, Yaya, a ƙarasa ke nan?"

Dattijon ya yi gyaran murya. "Ban ce ba. In kuma ba a zaɓe shi ba, hawayenki da addu'arki ba za su sa shi a ciki ba. Ba mu sani ba, abin da ba a sani ba kuwa ba a sassaƙa shi."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Mutum biyu sun saɓa a kan komai, amma sun haɗu a kan hana uwa kalma ɗaya. Suka ci gaba, wannan ya jawo aya, wancan ya jawo tasa, har ƙanen ya jingina da dutsen wata tsohuwa da ban gama gogewa ba, sai da na ce ya ɗaga. Ƙanen ya ce in Allah ne ke zaɓa tun farko, me ya sa ake wa'azi? Dattijon ya ce in mutum ne ke zaɓa, ashe Allah ɗan kallo ne. Babu wanda ya dubi 'yar'uwarsa.

"Ni ce nake wurin," ta ce a hankali. Suka juyo gare ta. "Ranar ƙarshe na ce masa mu yi addu'a. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Da na ce amin ya matse mini hannu. Shekara ashirin ina aikin jinya, na san ciwo ma yana sa mutum ya matse hannu. Kullum sai na tambayi kaina wanne ne."

"Wannan ai ba tuba ba ne," in ji ƙanen, amma muryarsa ta yi ƙasa.

Dattijon ya ce nufin Allah ba ya kuskure, ta yi haƙuri.

Ta miƙe, ta ɗauki jiƙaƙƙen tsumman da ke cikin bokitina, ta durƙusa ta goge allin kalmar UBANGIJI da kanta. Ta daɗe tana gogawa bayan allin ya fita.

"Baba," ta ce mini, "rubuta ƘASA."

Na ce, "'Yata, a bar wurin haka mana, ko zuwa gaba."

"A'a. Sun ce kada in sa abin da ban sani ba. Wannan na sani, a gabana aka rufe shi."

Na ɗauki alli. Ta ce ba sai na zana ba, in ɗauki guduma.