Kujerar Farfesa Kienzle

"Ɗaga ta sama mana, Gottlob, za ka kankare fentin bango!"

Irmgard ce ke ba da umarni daga tsakiyar matakala, hannu a ƙugu, mijinta kuwa yana nishi da kujera mai lilo a kafaɗa. Mai kujerar, Farfesa Kienzle, yana tsaye a ƙofar gidansa a hawa na uku cikin silifas, yana kallon yadda ake sauka da ita.

"Irmgard, wa ta tsare wa hanya?" ya tambaya.

"Uwargida Rieker, in ka yarda. Shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka, ban taɓa kiran sunanka gatsal ba. Dokar gida ta ce ba a ajiye kaya a matakala. Ba ni na rubuta ba."

"Amma ke kika kai ƙara."

Ita ce kuwa, kuma ba ta ga abin kunya a ciki ba. Shekara talatin da biyu tsohon nan ya yi yana koyar da nazarin Amurka a jami'ar garin. Irmgard ba ta taɓa gane wane irin karatu ne wannan ba: yau tarihi, gobe waƙa, jibi fasalin gine-gine, duk a aji ɗaya. Littafi guda ya rubuta, mai kauri kamar bulo, a kan baranda kawai, wai yadda mutanen ƙananan garuruwan kudancin Amurka ke zama a bakin ƙofa suna gaisawa da mai wucewa. Shekara biyu ya zauna cikinsu, ya dawo da ɗabi'unsu. Har mariƙin ƙofarsa ya sa aka canja, aka sa wanda ake buɗewa daga waje. Da ya yi ritaya, matarsa kuma ta rasu, sai ya fito da kujerar nan bakin matakala, kullum da safe yana zaune da kofi, duk wanda ya gifta sai ya tsare shi da hira.

"Zama da maɗaukin kanwa ke nan, Farfesa," in ji Gottlob, yana gyara kaya a kafaɗa. "Saura ka sayi doki da hular kaboyi."

Tsohon ya yi dariya kaɗan, sannan ya dubi Irmgard.

"Ba don zama kawai na ajiye ta ba. A garin da na zauna, in gari ya waye ba a ga tsoho a kujerarsa ba, kafin kofi ya huce maƙwabciya ta tura ƙofa. Tawa ba a kulle take ba, kin sani."

"Nan ba Amurka ba ce," ta ce. "A nan in mutum ya rufe ƙofarsa, ya rufe."

Aka kai kujera ɗakin ajiya na ƙasa. Ranar Juma'a ke nan.

Ranar Lahadi da safe Irmgard ta hau da allon shara. Ɗan katako ne mai hoton tsintsiya, wanda duk gidan da aka rataya wa, sharar matakala ta wannan makon tasa ce. Ta rataya shi a mariƙin ƙofar Farfesa ta sauko. Bisa al'ada, ba ta kaiwa ƙasa sai ta ji ya leƙo yana cewa, "Saƙo ya iso, ranki ya daɗe!" Ranar nan shiru.

"Fushi yake," ta gaya wa mijinta. "Ya yi ta yi."

Litinin da rana, ƙarfe ɗaya da rabi, sun gama cin taliya da wake, Gottlob ya miƙe a doguwar kujera, sai ƙara ta fara saukowa ta bututun ɗumama ɗaki daga gidan Farfesa, wanda ke daidai saman nasu. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. A hankali, da tazara.

"Ƙusa yake bugawa?" in ji Gottlob, ido a rufe.

"A lokacin hutun rana? Da gangan yake yi, don na sauke masa kujera."

Ta ɗauko tsintsiya mai dogon hannu, ta daki rufin ɗakin sau uku. Ƙarar ta tsaya. Sai kuma ta dawo da sauri, ƙwas-ƙwas-ƙwas-ƙwas, ba numfashi. Ran Irmgard ya ɓaci. Ta sake dukan rufin da ƙarfi har farar ƙasa ta zubo mata a gashi. Daga nan ba a ƙara jin komai ba.

Ba ta bar maganar nan ba. Ta zauna ta rubuta da kyakkyawan rubutunta: "Daga ƙarfe ɗaya zuwa uku lokacin hutu ne. Kuma makon shara naka ne. I. Rieker." Ta hau. Allon yana nan a mariƙin ƙofa yadda ta bar shi jiya, ko karkacewa bai yi ba. Ta sunkuya ta tura takardar ta ƙarƙashin ƙofa. Daga can ciki ta ji wani motsi, kamar ana jan buhu a ƙasa. Hannunta ya kai kusa da mariƙin, ta janye shi. A tsawon rayuwarta ba ta taɓa shiga gidan wani ba tare da an ce ta shigo ba.

Talata jaridu biyu suka cika akwatin wasiƙun Farfesa, ta uku ta leƙo waje.

"Ƙila ya tafi wani taron jami'a," in ji Gottlob. "Waɗannan mutanen ai ba sa ritaya, har kabari suna gabatar da takarda."

"Da ya fita, ai da allon ya faɗi."

"To je ki ƙwanƙwasa mana."

"In ce masa me? Kai ka je."

"Ni? Ni na sauke masa kujera?"

"Da kafaɗar wa aka sauke ta?"

Haka suka yi ta tura wa juna, babu wanda ya hau.

Laraba da hantsi wayar gidan Farfesa ta yi ta kuka a sama, ta katse, ta sake farawa. Irmgard tana wanke kofuna, sai ta rufe famfo ta kasa kunne. Shekara goma sha ɗaya ta san takun mutumin nan a saman kanta: daga gado zuwa banɗaki, daga banɗaki zuwa kicin, jan silifas ɗin da ke ba ta haushi. Ta yi ƙoƙarin tuna ranar da ta ji shi na ƙarshe. Asabar. Kofin ya suɓuce cikin ruwa.

Ta hau matakala da jiƙaƙƙen hannu.

"Farfesa Kienzle?" Ta ƙwanƙwasa. Shiru. "Farfesa, ni ce." Sai ta kira sunansa gatsal, karo na farko: "Ortwin!"

Ta danna mariƙin. Allon ya faɗi ƙasa da ƙara. Ƙofar ta buɗe kamar faɗin tafin hannu, sai ta tokare da wani abu mai nauyi.

Likitar da ta zo, mace ce mai magana a hankali, ta ce shanyewar ɓarin jiki ce, ta ɗauke masa harshe da gefen dama. Wataƙila tun Asabar ya faɗi a falo.

"Nan take ya rasu?" Gottlob ya tambaya, yana murza hularsa.

Likitar ta girgiza kai. "A'a. Sai jiya da yamma, a ganina. Ya yi ƙoƙari ƙwarai. Daga falo ya jawo jikinsa har nan."

Irmgard ta leƙa ta bayan kafaɗar likitar. Can gindin bututun ɗumama ɗaki, tsakanin tarin littattafai, ga ƙaramin cokalin shayi a ƙasa. Nan kuma bayan ƙofa, a hannun hagunsa, takarda ce a dunƙule. Ta gane rubutunta.

Ba ta yi kuka a gabansu ba. Da aka sauka da shi, ta ɗauki makulli ta nufi ɗakin ajiya. Gottlob ya biyo ta.

"Irmi, kawo in ɗauka."

"Bar ni."

Ita kaɗai ta hau da kujerar, hawa uku, tana hutawa a kowace kwana. Ƙafar kujerar ta ja dogon layi a fentin bango, ba ta ko waiwaya ba. Ta ajiye ta daidai inda take a da, inda ƙafafunta suka bar alama a daɓe. Ta ɗauki allon shara daga ƙasa ta riƙe a ƙirji, ta tsaya tana haki.

Kujerar ta yi lilo sau biyu, sau uku, sannan ta tsaya.