Yadda Aka Raba Kuɗin Gas Tsakanin Mai da Ƙuli

Bara'atu tana tankaɗe gari a tsakar gida lokacin da aka zo aka ce mata motar da ta ɗauki mijinta Mannir da jarkokin mai ta kife a hanyar Gusau. Jarkokin sun tsira. Mannir aka kawo bayan la'asar.

Abin da ya bar mata da 'ya'ya huɗu shi ne injin matsar gyaɗa a Bungudu. Gyaɗa ta shiga, mai ya fito ta gefe guda, tunkuza ta fito ta ɗaya gefen, wata tsohuwa Tambaya da mata biyu su soya ta ƙuli. Da wannan injin gidan yake ci.

Tana cikin takaba maza biyu suka zauna a bakin ƙofar ɗakinta, labule tsakani. Ɗaya Alhaji Lawwali, yayan marigayi, mai awon hatsi a kasuwar Tsafe. Ɗaya Kamilu, ƙanenta, akawu a Gusau.

Alhaji Lawwali ya ce, "Bara'atu, na sa an auna. Buhun gyaɗa in ya fito, tunkuza ta fi mai nauyi. To kuɗin gyaɗa da gas da hayar shago, kowa shi ɗauki gwargwadon nauyinai. Da na raba haka, ƙulin nan hasara muke yi da shi."

Kamilu ya ce, "Alhaji, ai ko an soya ko ba a soya ba, gas ɗin an riga an ƙona shi wurin matse mai. Ƙuli ka tambaye shi itace da gishiri da ladan masu suya kawai. In ya biya waɗannan ya bar canji, riba ce."

"Wato tunkuza ta hau mota kyauta."

"Ai motar da ma za ta Gusau."

"Kamilu, kai ka taɓa sai da ko mudun gero?"

"Ban taɓa ba, Alhaji."

"To ci gaba da rubutu."

Bara'atu ta saurari kowa. Maganar Kamilu ta fi shiga kunnenta, amma ƙanenta ne, kuma dangin mace ba su tsoma baki a dukiyar marayu alhali yayan uba yana zaune. Ta ce, "Yadda ka gani, Yaya."

Aka daina suya. Tunkuza aka riƙa ba masu kiwo a kan abin da suka ga dama. Tambaya ta zo ta yi sallama, ta ce, "Uwar ɗakina, ni ban san na yi nauyi haka ba," ta kwashe kaskonta ta koma wurin ɗiyarta a Furfuri.

Gas bai ragu ba. Mai shago bai rage haya ba. Bayan wata biyu Alhaji Lawwali ya dawo bakin labule ya ce ya sake dubawa, yanzu mai ne ke hasara.

Bara'atu ta ce, "Yaya, shi ma nauyi ya yi?"

"Ba wanda ke taya shi ɗauka."

Kamilu ya yi tari.

Bara'atu ta aika a kira Tambaya. Aka dawo aka ce wani mai inji a can ya riga ya ɗauke ta da matan biyu, da masu sarin ƙulin da suka saba da hannunta. Kafin Bara'atu ta fita takaba bashin haya ya taru, aka sayar da injin ga wani mutumin Tsafe, aka raba gado. Alhaji Lawwali ya yi rabon da gaskiya, bai ci ko kwabo ba, har ya ƙara buhun dawa daga rumbunsa. Har yau yana cewa Allah ya taimaka an sayar da wuri.

Yanzu kullum da safe, bayan yara sun tafi makaranta, Bara'atu takan sayi tunkuza kwano guda wurin maƙwabciya, ta murza, ta soya a ƙaramin kasko, ta ajiye a faranti bakin zaure. Na farkon da ya fito takan gutsura ta ji gishiri kafin ta zuba sauran.